Na Ƙi Shiga Motar Kwamishina

'Yata Norlia, ki taimaki tsoho da shawara, don abin nan ya tsaya mini a rai.

Ni tsohon malamin firamare ne a ƙauyen Kampung Seri Lalang. Matata ta rasu, ɗana yana Kuala Lumpur, sai da salla nake ganinsa. Ƙafafuna kuma sun daina kai ni masallaci. Wanda ke kai ni Juma'a shi ne Rosdan, yaron da na koya wa karatu, yanzu kwamishina ne a jiharmu. Ko da ya samu sarautar Datuk bai fasa ba. Zai zo ya sumbaci hannuna, ya riƙe ni har cikin mota, bayan salla mu sha shayi a rumfar Pak Leman. Hirar da nake samu ke nan a mako.

Da Sultan, sarkin jiharmu, ya rushe majalisar jiha saboda zaɓe, sai ga Rosdan ranar Juma'a a baƙar motar gwamnati, har da direba. Mu dai an karantar da mu cewa kujerar kwamishina daga majalisa take fitowa. In babu majalisa, ina kujera? A gaban maƙwabta na ce masa ba zan je ɗakin Allah a motar da ba shi da sauran hakki a kanta ba. Ya yi dariya, wai Cikgu, wato Malam, har yau bai ajiye bulala ba. Ni kuma bakin tsufa, na ce ai shi ya fi kowa sanin dalilin da ya sha ta. Dariyar ta ɗauke. Ya yi sallama cikin ladabi ya tafi, bai sake dawowa ba.

Yanzu Azahar nake yi a gida. Pak Leman ya leƙo yana tsokana ta, wai ni kaɗai na zama majalisa, ina kan kujerar roba na tsige kwamishina. In gaskiyata ce, zan daure. In kuwa kuskure na yi, ta yaya malami ke ba ɗalibinsa haƙuri?

Tsohon Malami

Baba, Allah ya ƙara lafiya.

Karatunka bai ɓace ba, sai dai da saura. Rushe majalisa ba ya barin jiha babu mai riƙe ta. Bisa al'ada, kwamishinoni kan ci gaba a matsayin riƙon ƙwarya har sabuwar gwamnati ta hau. Suna gudanar da aikin yau da kullum, amma ba sa ƙirƙiro sabon abu. Saboda haka Rosdan bai ƙwaci kujera ba.

Inda kake da gaskiya shi ne, a lokacin zaɓe ya kamata mai riƙon ƙwarya ya yi kaffa-kaffa da kayan gwamnati. Da a motarsa ya zo, da ya fi. Amma wannan maganar cikin ɗaki ce. A ganina ba batun mota ne ya kore shi ba, tonon yarintarsa ne a bainar jama'a, ga shi yana neman ƙuri'arsu.

Ka kira shi. Ka ce ka yi kuskure kan kujera, ka zafafa kan bulala, amma kana nan kan maganar mota. Ba da haƙuri ba ya rage wa malami komai.

Kuma ka kira kafin ranar zaɓe. In ka bari ya ci, zai ce don ya ci ne. In ya faɗi, zai ce tausayi ne.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba ka ikon komawa sahu.

Norlia