Jarkoki a Bayan Ɗakin Inna

Talata da dare, tsakiyar bazara

Esin ɗakin Inna, na'urar sanyaya ɗaki, ya daina sanyi yau, ga shi zafi na tayar mata da hawan jini. Na cire ragar na wanke, na duba fis, duk a banza. Sai da na zagaya bayan ɗakin na gane. Yaya Bello ya jera jarkokin fetur da zai ƙetara da su Ƙwanni ta Nijar a jikin injin esin na waje, ya lulluɓe su duka da tamfol. Injin bai samun iska, ya yi zafi ba ya taɓuwa, robar wayar har ta fara narkewa.

Na ce mishi ya kwashe su. Ya ce, "Mi kike tsoro? Jibi kayan za su tafi."

Jibi! Na kashe esin, na yi ta yi wa Inna fifita har hannuna ya sage.

Ɗazu Yaya Bello ya shigo gaishe ta, na ji tana mishi kukan zafi. Ashe ya kunna mata esin, yanzu ga injin nan ya tashi, warin fetur na shigowa ta tagata. Na sa hijabina, na ajiye takalman Inna a bakin ƙofa ko da wuta za ta tashi.