Kwali Biyu, Magani Ɗaya

Talata da dare, Zango.

Sai yanzu Inna ta samu barci, bayan kwana uku tana gudawa da amai. Ni kuwa zuciyata tafasa take.

Wata shida ina ba ta metformin ɗin da likita ya rubuta, sukarinta lafiya lau. Sai ga Yaya Sani daga Yamai da kwali mai ƙyalli, wai Glucophage, na Turai. A gaban baƙi ya ɗaga nawa da yatsa biyu, ya ce, "Ke Hadiza, na talakawa kike ɗura wa uwarmu?" Inna ba ta son ɓata wa kowa rai, sai ta dinga haɗa su biyun a ɓoye.

Yau na kai kwalayen farmasi, wato kantin magani. Matar ta nuna mini ƙaramin rubutu a ƙarƙashin babban sunan: metformin. Magani ɗaya ne, riga ce kawai daban. Ashe ninki biyu tsohuwa take sha!

Ɗazu Yaya Sani ya bugo waya, wai nawa ne ya lalata mata ciki. Na ce, "To, Yaya."

Ran Juma'a dangi za su zo duba ta, har da Kawu daga Gidimuni. Zan shimfiɗa tabarma, in dama fura, sannan in miƙa wa Yaya Sani kwalinsa, in ce idona ba ya gani sosai, ya karanta mana ƙaramin rubutun. A gaban mutane ya ci mutuncina, a gabansu zai karanta da bakinsa.