Shayin da Ya Zube wa Muryar Inna

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Na kasa faɗa miki wannan a waya, shi ya sa na rubuto.

Kwamfutata ta mutu. Ina zaune a falo ina shirya wa ɗalibai jarrabawa, kyanwar matata ta yi tsalle ta ture kofin shayi a kan madannan. Allon ya yi fari, ya yi baƙi, shi ke nan. Takardun makaranta ba su dame ni ba. Amma muryar Inna da na ɗauka lokacin jinyarta, labarin kakanninmu da waƙoƙin da take mana muna yara, duk a ciki suke. Wayar da na ɗauka da ita ta daɗe da lalacewa, ban kuma kwafe su ko'ina ba. Ji nake kamar mun sake binne ta.

Wassalam. Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka saurare ni. Kada ka kunna ta, kada ka sa ta caji, kada kuma ka shanya ta a rana kamar barkono. Kai ta wurin mai gyara, ka ce masa ba kwamfutar kake so ba, faifan ajiyar da ke cikinta zai ciro maka. Sau da yawa ɗaki ne ke rushewa, rumbu yana nan tsaye. Ka tsaya a kansa, kada ya ce zai goge ya zuba sabo.

Kyanwar kuma ka ce mata ina nan zuwa.

Taka, Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, alhamdu lillahi! Suna nan!

Shagon ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin bene, fankarsa sai ƙara, ba iska. Mai gyaran ya kwance kwamfutar, ya ciro wani abu da bai kai tafin hannuna ba, ya jona shi a tasa. Ya ce, "Malam, wane suna ka sa musu?" Na ce, "Inna." Ya danna. Sai na ji tarinta, sannan ta ce, "To, ka kunna abin naka ko in tafi barcina?" Na zauna a kan wani kwali, ya lotse da ni. Bawan Allah sai ya juya mini baya, wai yana neman sukundireban da ke hannunsa.

Yanzu shawara nake nema. Shi ya ce in sayi filas, ɗan abin ajiyar nan kamar yatsa da ake soka wa kwamfuta. Wani abokin aikina ya ce in zuba komai a intanet, ni kuwa ban yarda da rumbun da ban ga ƙofarsa ba.

Ki huta lafiya. Yayanki.

*

Yaya,

Barka, barka! Sai da na yi guɗa a ofis, kowa ya juyo.

Filas ba naka ba ne, kai da ko makullin mota sai an taya ka nema. Sayi faifai na waje, ka sa manhajar da ke kwafewa da kanta, don idan aka bar ka da tunawa, an bar wa kura ajiyar nama. Ka kuma buɗe ma'ajiya a intanet mai kalmar sirri, saboda gobara ko ɓarawo ba sa tambayar wanne ne kwafi. Lokaci-lokaci ka riƙa buɗe wani daga ciki ka ji ko yana magana. Sannan ka aiko mini nawa faifan, in ajiye a nan.

A gaida matarka. Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Duk na yi yadda kika ce. Ga naki faifan nan na ba wani direba ya kawo miki. Ki saurara lokacin da babu kowa.

Yayanki.

*

Yaya,

Ya iso lafiya, na gode. Na kunna ina ninke kayan yara. Tana tsakiyar labarin kakanmu sai ta ɗaga murya: "Auta! Rufe min ƙofar nan, sauro!"

Wallahi Yaya, sai da na tashi na rufe.

Autar Inna.