Waƙar da Baba Ya Ba Sani

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa daga Funtua. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara.

Sani ɗan Kawu ya zo daga jami'a da rikoda, wai yana nazarin tarihin ƙasa da al'adun mazaunanta. Kwana uku Baba yana ba shi labarin dajin ƙauyenmu kafin a sare shi don noman auduga, har da waƙar masu saran. Shekara goma ina roƙon waƙar nan, yana cewa, "Kai ɗan jarida ne, watsawa za ka yi."

Jiya na nemi aron kaset ɗin da Sani ya naɗi muryar Baba a ciki. Sani ya ce sai malaminsa ya amince. Muryar mahaifinmu fa, Yaya.

Ki roƙa mini Allah ya raba ni da ƙyashi. Ki gaishe da mutanen gida.

Ƙaninki,
Musa