Mahaifina Ne Aka Ture a Hanyar Baure

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar direbobin tasharmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran shugabanni, ni ne Isyaku, direban da ke ɗaukar fasinja tsakanin Zango da Baure. Ka san ni, tun ina kwandasta nake ƙarƙashinka. Na same ka a ofis kan wannan magana, ka ce in yi haƙuri. Shi ya sa na rubuto a fili, kowa ya karanta.

Farkon daminar bana, mahaifina Malam Haruna ya ɗaura irin gyaɗa a bayan kekensa, ya kama hanyar gona da hantsi. Dattijo ne mai bin gefen titi, har dariya muke yi masa don yakan sauka daga kwalta idan ya ji mota. Wani direba daga cikinmu ya zo wuce babbar mota a kan kwana, ya ga wata tana tahowa, sai ya koma gefe ya bugi Baba da madubi. Baba ya faɗa rami, keken ya danne shi, cinyarsa ta karye.

Ranka ya daɗe, ga abin da ke ci mini rai.

Na ɗaya, direban ya tsaya, amma ba don Baba ba. Madubinsa ya sauko dubawa. Wata mata cikin fasinjojinsa, wadda ta san gidanmu, ta shaida mini cewa ya leƙa ramin ya ce, "Ku masu keke, titin nan na ubanku ne?" Ya ja motarsa ya tafi. Masu noma a kusa ne suka ciro Baba, suka kai shi wurin mai ɗori a bayan amalanke.

Na biyu, da na kawo ƙara, aka tara mu, aka ce ɗan'uwa ne, kada a tona asirin sana'a. Wane asiri? Ba zan ambaci sunansa a nan ba, ka san shi, kuma washegari ma ya yi lodi kamar babu abin da ya faru. Da idona na ga an ci tarar direba don ya tsallake layin lodi. Ashe layi ya fi ƙashin tsoho daraja a wurinmu.

Na uku, wannan ba halin mutum ɗaya ba ne. A majalisar tasha muna zama, ana ba da labarin yadda aka danna wa mai keke oda har ya faɗa gona, ana ƙyaƙyatawa. Waɗannan da ake yi wa dariya su ne ke noma geron da muke ci, kuma su ne fasinjojinmu ranar kasuwa.

Ban ce masu keke ba su da laifi ba. Ina kan titi kullum, ina ganin mai ɗauro kara a gicciye ya cinye rabin hanya, da mai fitowa daga lungu bai waiwaya ba, da masu jerawa biyu suna hira. Su ma a gaya musu gaskiya a masallatai da kasuwanni. Amma idan mai keke ya yi kuskure, fenti ne ke gogewa a motata. Idan ni na yi, gawa ake ɗauka.

Yanzu Baba yana zaune a zaure. Gonar ba a shuka ta a kan lokaci ba, gyaɗar bana ta wuce shi. Keken na gyara masa, amma ya ce a jingine shi, ba ya jin zai sake hawa kwalta.

Ina roƙonka abu uku. A dakatar da wannan direba daga lodi har a zauna a yi hukunci na gaskiya. A sa doka cewa duk wanda ya bugi mutum ya wuce, ya bar tasharmu. A kuma riƙa tunatar da direbobi su rage gudu, su ba mai keke fili kafin su wuce shi.

Na tambayi Baba abin da yake so a yi masa. Ya ce ba ya neman komai daga hannun mutumin, ya zo dai ya yi masa sannu. Shugaba, har yau bai zo ba. Motarsa kuwa kullum tana wucewa ta ƙofar gidanmu.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya kare ka da iyalinka a kan hanya, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.

Wassalam.

Isyaku Haruna, direba,
Zango.