Sai Hidde Ya Iya Iyo da Takalmansa

Terherne, 11 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Renske,

Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki Auke da yara. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ya kare ku daga wannan sanyi naku na Kanada wanda kika ce ko shanu ba sa yarda su leƙa waje. Ni ma lafiya ƙalau, sai dai gwiwar nan ta hagu. Likita ya ce in riƙa takawa da ƙafa, na ce masa wadda ta yi shekara sittin a kan keke ba yanzu za ta sauka ba. Yayanki Jelmer yana zuwa duk Lahadi bayan coci, matarsa Baukje kuma ba ta zuwa hannu rabbana, sai da tukunyar miyar wake wadda za ta ishi mutum shida, alhali ni kaɗai ce. Wata biyar ke nan da rasuwar babanku, amma har yau in zan haɗa shayin safe kofuna biyu nake ɗaukowa, sai na kai teburi nake tunawa in mayar da ɗaya. Kada wannan ya dame ki. Ina cin abinci, ina barci, ina shiga mutane.

Kin tambaye ni a waya sau nawa ya kamata yara su riƙa zuwa koyon iyo a mako, kika ce da Baba na nan shi za ki tambaya. Kin kuma ce Auke yana ganin sau ɗaya a wata ya isa, tunda wurin iyon tafiyar awa guda ce a mota, ga tatsar shanu safe da yamma, kuma a cewarsa duk yankinku babu ruwan da zai kai wa agwagwa ciki. Ban ba ki amsa ba a lokacin, na ce miki layi ba kyau. Layi lafiyarsa lau. Akwai maganar da na ɓoye miki, kuma na san in na fara ta a waya kuka zai hana ni kai ta ƙarshe. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Washegarin jana'iza, da ke da Auke kuka tafi gari wajen takardun babanku, kika tafi da Nynke da jariri, kika bar min Hidde. Ya ce yana so ya ga kwalekwalen kakansa da ke ɗaure a rafin bayan gida. Ina feraye dankali, ko ɗaga kai ban yi ba, na ce ya je. Renske, ban tambaye shi ko ya iya iyo ba. Tambayar ma ba ta zo min ba. Yaro ɗan shekara bakwai, a garin nan wa yake tambaya? Duk ɗan shekara bakwai da na sani yana da takardar shaidarsa ta farko ta iya iyo a liƙe a bangon ɗakinsa. Na manta sam cewa ba a nan ya tashi ba. Ban ji ihu ba, ban ji faɗuwa ba. Na dai ɗaga kai na hango hularsa a kan ruwa, katakon da ake takawa a shiga kwalekwale kuma babu kowa a kai. Babanku ya sha faɗa cewa yaron da ke nutsewa ba ya ihu, bakinsa na neman iska ne. Shekara talatin ina jin wannan magana, sai ranar na gan ta da idona.

Allah ya sa maƙwabciyata Geartsje tana shanya a bayan gidanta. Matar nan da shekara saba'in da ɗaya, da ƙibarta da komai, ta faɗa ruwan da rigar aikinta, ta damƙo shi ta ƙeya. Ni kuma na ciro sandar nan mai ƙugiya ta babanku daga jikin rumfa na jawo su. Ya amayar da ruwa, ya yi kuka, 'yar Geartsje mai aikin jinya ta zo ta saurari ƙirjinsa har sau biyu a ranar, ta ce babu komai. Geartsje na tsaye a ɗakin girkina tana ɗigar da taɓo a kan daɓe ta ce, "Tjitske, mijinki ya koya wa rabin garin nan iyo, har da ɗan limamin coci mai kan kabewa, amma jikansa ya tafi ƙasa kamar guduma. Ki ba ni shayi da zafinsa, kuma ki sani bakina ba ya riƙe magana fiye da hunturu ɗaya." Hidde kuwa ya riƙe hannuna ya roƙe ni kada in gaya miki, wai Mama ta riga ta yi kuka da yawa saboda Kaka. Na yi masa alkawari. Na wanke kayansa na busar kafin ku dawo, takalman ne suka ƙi bushewa, shi ne na ce miki ya taka kashin shanu, na ba shi na ɗan Jelmer. Ƙarya na yi miki, ki yafe min. Kada ki yi wa yaron faɗa, laifin nawa ne daga farko har ƙarshe.

To yanzu ga amsar tambayarki. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma shekara talatin ina zaune a bakin wurin iyo da tawul a cinya ina kallon babanku da sandarsa, kuma abin da zan faɗa miki ba ni da shakka a kansa.

Hidde sau biyu a mako, ba fashi. Babanku yana cewa sau ɗaya a wata ba darasi ba ne, ziyara ce, yaro ya je ya gaida ruwa ya dawo. Jikin yaro yana mantuwa. Abin da ya koya ranar Laraba, in ya koma ranar Asabar yana nan, in kuwa sai bayan mako huɗu, to daga farko za a sake, har da tsoron. Kuma kada ki ce za ki rama abin da ya wuce ki riƙa kai shi kullum. Akwai wata mata da ta yi haka da ɗanta, kwana biyar a mako, don ya riga ɗan ƙanwarta samun takarda. Yaron ya kai ga in ya ji warin maganin ruwan nan sai ya fara amai tun daga ƙofa. Sau biyu, rabin awa ko fiye kaɗan, ya fito yana da sauran marmari.

Nynke da shekararta huɗu, sau ɗaya a mako ya ishe ta, amma rana ɗaya tsayayya wadda za ta sani ta riƙa jira. A waɗannan shekarun ba hannu da ƙafa ake nema ba. Ta yarda ruwa ya shiga idonta, ta kwanta rigingine kunnuwanta a ciki ba ta zabura ba, shi ke nan an ci riba. In ta cika biyar sai ki ƙara mata rana ta biyu. Teake kuwa, ɗan wata goma, ba darasi yake bukata ba. Tunda kina can kina jiran manyan, ki shiga da shi wurin ruwan ɗumi ku yi wasa. Babanku yana yi wa iyaye mata dariya, yana cewa jariri ba ya koyon iyo, uwarsa ce ke koyon daina tsoro. Kuma ko bayan yaro ya iya, ba a sallame shi ba. Ku kanku, bayan kun iya, duk wata sai babanku ya kai ku sau ɗaya, kuma kafin kowace bazara sai kun faɗa da kaya a jiki.

Wannan na kayan shi ne babba a wurina. Kin ce a can ba sa yi, da ɗan kamfai kawai suke koyarwa. Babu yaron da ke tuɓewa ya ninke kayansa kafin ya zame daga kan katako. Hidde da wando da rigar sanyi da takalmi ya faɗa, su suka ja shi ƙasa. Ki je wurin malamarsu ki ce kina so a ƙarshen darasi ya shiga da kaya. In ta yi dariya ki bar ta ta gama, sannan ki maimaita. Ke kanki kin tuna ranar jarrabawarki, da rigar ruwan sama mai ruwan ɗorawa, kika fito kina cewa takalmanki sun sha ruwa sun ƙoshi.

Ki gaya wa Auke in ji ni, Laraba bayan makaranta da Asabar bayan tatsar safe, shanu ba za su kai ƙararsa ba. In ya ce nisa, ki tuna masa wane ne ya rungume sandar babanku yana ɗan shekara shida yana kiran uwarsa, har babanku ya ce wannan yaro ko dai ya saki sandar ko ya biya mata sadaki. Mako goma sha ɗaya ya yi kafin ya yarda ya nutsa ya ratsa ramin tamfol ɗin nan da ake ratayewa a ƙarƙashin ruwa don gwada masu koyo. Wani ne ya yi haƙuri da shi, mako bayan mako. Ba gori nake masa ba, ina son Auke kamar ɗan cikina, shi ya sa nake faɗa masa kai tsaye.

Saura maganar hutu. Kun ce za ku turo min Hidde a watan Yuli ya yi mako shida. Allah ya sani babu abin da nake jira kamar wannan. Na riga na gyara ɗakin sama, na sa Jelmer ya sauko da ƙaramin kekenki ya sa masa sabuwar taya. Gidan nan ya yi shiru da yawa, har agogon bango na ji yana damuna. Amma ba zai zo ba sai ya iya abu ɗaya. Ya faɗa ruwa mai zurfi da wando da riga da takalmi, ya taso da kansa, ya juya rigingine ya huta, ya kai bakin ruwa, ya fita ba wanda ya miƙa masa hannu. Ki ɗauka a waya ki turo min in gani. Daga yanzu zuwa Yuli, sau biyu a mako, zai iya, na ga waɗanda ba su kai shi ƙarfin zuciya ba sun iya. In bai samu ba, ɗakin zai jira wata shekarar. Na fi so in wuni ni kaɗai ina kewarsa da in sake hango hular nan a kan ruwa.

A cikin kwalin, tare da wannan takarda, za ki ga cuku da alewar nan baƙa da Auke ke so, da ƙaramar takarda a rufe wadda na rubuta wa Hidde, na gaya masa na karya alkawarinmu da dalilin da ya sa. Ki bar shi ya buɗe da kansa. A ƙasa kuma akwai takalmansa. Na cusa musu jarida suka bushe a bayan murhu, tun lokacin suna nan kusa da na babanku. Na san sun yi masa kaɗan yanzu. Ki ajiye wa Nynke, in lokacinta ya yi ta faɗa ruwa da su. Sun taɓa shiga sun ja yaro ƙasa, ina so su sake shiga su fito da ƙafafunsu.

Jelmer da Baukje suna gaishe ku. Geartsje ta ce a gaya wa gudumarta tana jiransa, kuma in ya zo sai sun yi tseren iyo zuwa gada. Ki gaida Auke, ki sumbaci Nynke da Teake, ki rungume min Hidde da kyau kafin ki yi masa maganar. Allah ya tsare ku a hanyar zuwa da ta dawowa, Laraba da Asabar.

Mahaifiyarki,
Tjitske