Gulbin da Ka Kawo Mini Ɗaki

Zuwa ga mijina, sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan randata a tsakiyar bazara, Mode.

Ka ga na rubuta sunanka ƙiri-ƙiri? Bakina bai taɓa iya furta shi a gaban mutane ba, amma takarda ba ta san kunya ba. Assalamu alaikum, ya abin alfaharina! Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ruwan dam ɗin Goronyo yawa, gaisuwar mai kewa wadda take kallon hanya safe da yamma. Ni da 'yarka lafiya lau muke. Wankan jego ya kusa ƙarewa, kunun kanwa ya fara fita mini a rai, arba'in kuma ta matso.

Ƙanwarka Adama ta zo jiya da saƙonka, kuma saƙon ne ya hana ni sukuni sai da na nemi biro. Wai ka ce in dai bakin gulbi ne maganina, in zauna gidan Baba iya son raina, kai za ka riƙa zuwa duba mu, ba za ka matsa mini in koma Maikujera ba. Haba Mode! Haka ake yi? Na san inda maganar ta samo asali. Inna ta daɗe tana cewa gidanka bai karɓe ni ba, wai 'yar masunta ba ta zama a kan tudu inda sai an zura guga kafin a ga ruwa, kuma cikin nan biyu da suka zube ta ɗora su a kan haka. Baba shi ma ya daɗe bai sake maka fuska ba. Kai kuwa kunyar surukai ta ɗaure maka baki, har ka gwammace ka rasa ni da ka yi musu da su. Zan ba ka amsa, amma sai na fara gode maka tukuna, don godiyar nan ta daɗe tana cina a rai.

Ka tuna lokacin da ciki na uku ya shiga, likita a Rabah ta ce in kwanta, ba daka, ba jan ruwa, ba hawa babur? Na kwanta ina kallon bango, tsoro ya cika ni, abinci ya ƙi wuce maƙogwarona. Wata rana na ce, ba ma da kai nake ba, da bangon nake, ina ma in ga ruwa yana motsi ko sau ɗaya. Na ɗauka iska ta tafi da maganar. Ashe ka tsince ta ka sa a aljihu! Ranar kasuwar Wurno sai ga ka da akwatin gilashi a bayan babur, ka naɗe shi da bargonka kamar jariri, wai Lawwali mai yankan gilashin taga ne ya haɗa maka. Maƙwabta suka yi ta yi maka murna, sun zaci sana'ar cincin za ka buɗe mini.

Ya kai manomi jikan manomi, wanda bai san ruwa ba sai na sama da na rijiya! Ina kwance ina kallonka ka wanke yashin gulbi, ka zubar, ka sake wankewa, har ruwan ya fito fes. Ka tafi magudanan fadamar Wurno ka dawo da bokiti cike da ciyayi: ɗan ƙaramin bado da saiwarsa, da wata ciyawa mai laushi da ke zama ƙarƙashin ruwa, da kainuwa. Ka durƙusa ka dasa su layi-layi kamar fangalin albasa. Sai kainuwa ta ƙi ka. Ka tura ta cikin yashi, ta taso. Ka sake turawa, ta sake tasowa tana lilo a saman ruwa kamar tana maka gwalo. Da ka rasa dabara sai ka ɗauko tsakuwa ka danne ta, kana cewa, “Wane irin tsiro na wanga da ba shi son ƙasa?” Wallahi dariyar da na yi a ranar, Adama da gudu ta shigo, ta zaci kuka nake.

Daga nan na zama malama, kai ka zama ɗalibi. Na ce maka kainuwa a sama take zama, saiwarta na reto, kuma kaɗan ake bari don kada ta rufe fuskar ruwa ta hana na ƙasa haske. Na ce a cire wa bado manyan ganyayensa, akwatin ba tafki ba ne. Ciyawar nan mai laushi kuwa na ce a ƙara ta, tunda ba mu da wutar da za ta tura iska, ita ce za ta riƙa sabunta ruwan. Ba ka taɓa cewa mace na koya maka ba. Da gansakuka ta mayar da gilashin kore, kai da kanka ka gane ranar tsaka ce ta yi masa yawa, ka ja shi gefen da hasken safe kawai ke taɓawa. Sannan ka haƙura ka bar ruwan ya kwanta, tsirrai suka kama, ba ka yi gaggawar zuba kifi ba.

Sai batun kifi. Wayyo Mode, mai tsarkin zuciya! Ka yi tunanin tunda surukinka masunci ne, wa za ka je wurinsa in ba shi ba? Ka sa babbar riga ka zo nan Goronyo, ka durƙusa ka ce 'yan ƙananan kifi kake so, masu rai. Inna ta ba ni labarin yadda Baba ya dube ka sama da ƙasa ya ce, “Mi za ka yi da ɗiyan kihi? Wanga ai abincin kaji na. Surukina ba shi hita gidana da abin kunya.” Ya shiga ya zaɓo maka tarwaɗa mai tsawon hannu, wadda ta fi kowacce ƙiba. Kai kuma ina bakin da za ka ce wa suruki kyautarsa ta yi yawa? Ka yi godiya, ka ɗauko ta, ka saka ta a akwatin. Kafin la'asar ta yi wa gonarka huɗa, ta tumɓuke bado, ta mayar da ruwan kamar kunu. Ka tsaya a kanta hannu a ƙugu, ba ka iya zubar da kyautar Baba, ba ka iya barinta. Ni na raba gardamar, na ce a yanka ta. Farfesun nan shi ne kwano na farko da na cinye tas tun da na kwanta.

Ka sake wanke yashi, ka sake dashe. Bayan ruwan ya kuma kwantawa, wata rana ka shigo da yamma hularka a jiƙe, haƙoranka na kaɗawa, ka ce wai zufa ce. A bokitinka akwai 'yan kawara masu jan wutsiya, ba wadda ta kai ɗan yatsa, da ɗan kurungu guda. Ka bi maganata ka bar 'ya'yan karfasa, don na gaya maka suna tono kuma suna faɗa. Da kurungun ya juya cikinsa sama yana iyo, hankalinka ya tashi, ka fara salati ka zaci ya mutu. Na ce maka haka Allah Ya yi shi, a kife yake yawonsa.

Ban san yadda ka same su ba sai da na zo wankan nan. Matan da ke wanki a bakin ruwa ne suka ba ni labari, har yau suna dariya. Sun ce surukin Yari, wato Baba, ya zo ta bayan gari don kada a gan shi, ya tuɓe babbar riga, ya shiga magudanar ƙasan dam har ƙirji da rariya a hannu. Kai, Mode! Kai da kake rufe ido in za ka shiga kwalekwale! Sun ce santsi ya kwashe ka, ka nutse, ka taso kana tari, amma rariyar na sama da kanka, ba ka bar ko ɗaya ya kuɓuce ba. Suna ba ni labarin suna dariya, ni kuwa na juya baya ina share hawaye da bakin zane. Ashe Baba ma ya hango ka daga jirginsa. Abin da ya ɓata masa rai ke nan: yana ganin gari zai ce ya hana surukinsa kifi, har ya koma tsintar abincin kaji a ruwansa.

Da me zan biya ka, ya hasken ɗakina? Wace kalma ce za ta ɗauki nauyin watannin nan? Kana dawowa daga gona da 'yar gara a ganye, ka tsaya a gaban gilashin ka ce ba za su samu ba sai na kai loma bakina. Don tausayin 'yan kifi na koma cin tuwo! Na daina kallon bango, na koma kallon jajayen wutsiyoyi suna gilmawa tsakanin saiwar kainuwa, suna juyawa tare kamar an kira su. In tsoro ya taso mini, in dube su har ya kwanta. Ranar da bado ya fitar da sabon ganye, a ranar yarinyar nan ta fara motsi da ƙarfi, ka ɗora hannunka ka ji ta. Allah ne Ya raya ta, ban manta ba. Amma ta hannunka Ya bi, kuma wannan ma ba zan manta ba.

Yanzu ga ni a bakin ruwan da na yi ta mafarki. Ga dam ɗin nan shimfiɗe har inda ido ya gaji, ga jirage, ga ƙamshin banda da na tashi a cikinsa. To ka san abin mamaki? In na tsaya ina kallonsa, idona neman kusurwar gilashi yake yi, da inuwar mutumin da ke durƙushe yana danne kainuwa da tsakuwa. Wannan ruwan na kowa ne. Wancan kuwa don ni kaɗai aka ɗebo shi.

Bayan tafiyar Adama na sami Baba yana gyaran komarsa ta kamun kifi, na zauna na gaya masa duk abin da na rubuta maka nan, har da tarwaɗar da ta yi huɗa, har da farfesun. Na ce masa ba rainin kyautarsa ka yi ba, kunyarsa ce ta kai ka cikin ruwa har ƙirji. Na ce jikar da yake ɗauka yana wasa da ita, da 'yan kifin nan aka lallashi uwarta ta ci abinci. Ya ci gaba da ɗinkinsa. Na tashi na koma ɗaki.

Yau da safe Inna ta nemi rariyarta ta rasa, ta yi ta faɗa. Can sai ga Baba ya shigo, wandonsa a jiƙe har gwiwa, rariyar a hammata, ƙwarya a hannu. Mutumin da tun da aka haife ni ban taɓa ganin ya sunkuya don ƙaramin kifi ba! Ya ajiye ƙwaryar a gabana, 'yan jan wutsiya na ta zagaye a ciki. Ya kau da kai ya ce, “Ki hwaɗa mishi waɗanda yak kama sun yi kaɗan. Irin wanga kihi ba shi jin daɗi sai cikin 'yan'uwa nai. Kuma shi zo da kainai shi ɗauka, ba aike ba.” Inna ta dubi ƙwaryar, ta dube shi, ta shiga ɗaki ta fara haɗa mini kaya.

To ga amsarka, ya masoyina. Ka zo ranar arba'in, ka shigo ta ƙofar gida, ba ta bayan gari ba. Ka zo da bokiti mai murfi, ka rage kainuwar kafin ka taso don baƙin su sami wuri. Ka kuma nemo mota, don babur ba zai ɗauke mu ba: da ni, da 'yarka, da kyautar surukinka. Gidanka ya karɓe ni tun ranar da ka shigo da hula a jiƙe, kuma ba inda zan tsufa sai a cikinsa.

Taka, a tudu ko a bakin gulbi, muddin ina numfashi,

Raihana